Yadda ake karanta dinarin azurfa na sarakunan Rum, har a ji abin da sarki ke faɗa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon sulen zamanin Turawa, mai kan Sarki Joji, ya riga ya ga rubutun Rumawa ko bai sani ba. Kan sarki a tsakiya, haruffa sun kewaye shi: GEORGIVS, can gaba REX, a wasu har da IMP. Harshen Latin ne, tsarin kuma na sarakunan Rum ne tun kusan shekara dubu biyu. Harafin d ɗin nan da ake rubutawa a lissafin kwabo, a ce 6d ana nufin sisi, shi ma daga sunan kuɗin azurfar Rum ya fito, wato denarius. Daga wannan suna Larabawa suka sami dinar, mu kuma muka sami dinari, har ma da kalmar zinariya. Sai dai a kula tun daga nan: dinarin da muka sani a littattafan fiƙihu na zinariya ne, wanda za mu yi magana a kansa kuwa na azurfa ne.

Ɗan ƙaramin abu ne, faɗinsa bai cika wuce milimita 20 ba, amma a zamanin da babu rediyo babu jarida, shi ne bakin sarki. Ya shiga hannun soja a Birtaniya, ya shiga hannun ɗan kasuwa a Siriya. Karanta shi ba ya bukatar sai ka iya Latin. Kalmomi kamar ashirin da 'yan alamomi sun isa, sai kuma haƙuri.

Mataki na farko: samo abin da za ka duba

Yawancinmu a hoto za mu fara, kuma babu laifi. Gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan ya zuba hotunan tsabar kuɗinsa a intanet. Akwai kuma rumbun da ake kira OCRE, wanda ƙungiyar masana tsabar kuɗi ta Amurka ke kula da shi, inda za ka iya nema da sunan sarki ko da wata kalma ɗaya da ka iya karantowa. Ka tabbata hoton ya nuna fuska da baya, duka biyun. Gefe ɗaya rabin zance ne.

In kuwa kuɗin na gaske ne a hannunka, riƙe shi ta baki-bakinsa da yatsu biyu, ka shimfiɗa ƙyalle mai laushi a ƙasa ko da zai suɓuce. Tsohuwar azurfa takan yi gautsi, tana iya tsagewa in ta faɗi a siminti. Nemi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Kada ka haska fitila daga sama kai tsaye. Kwantar da hasken daga gefe, za ka ga haruffan da suka lashe sun taso da inuwarsu. Roƙona ɗaya: kada ka goge shi da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli. Wannan duhun da ke jikinsa shekaru ne suka ɗora shi, in ka kankare shi ka kankare rubutu da daraja tare.

Mataki na biyu: ɗora shi a sikeli

Sikelin masu sayar da zinariya ya wadatar. A rumbunan intanet ma ana rubuta nauyin a ƙarƙashin hoto. A zamanin Augustas, sarkin farko, dinari yana kusan giram 3.9, azurfarsa kuma kusan tsantsa. A shekara ta 64 Miladiyya, shekarar babbar gobarar birnin Rum, Niro ya rage shi zuwa kamar giram 3.4, aka ƙara masa tagulla. Zuwa zamanin Seberus, wajen shekara ta 200, kusan rabinsa tagulla ne. A 215 Karakalla ya fito da sabon kuɗi da ake ƙirga shi a matsayin dinari biyu alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Kafin shekara ta 270 azurfar da ke cikin wannan sabon kuɗin ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.

Nauyi yana kuma taimaka maka ka gane jabu. Tun a can akwai masu lulluɓe tagulla da fatar azurfa, za ka ga kore ko ja yana leƙowa ta inda fatar ta ɓare. Jabun zamani kuwa galibi zubi ne: akwai ɗan layi a baki-bakinsa inda aka haɗa mazubin, da 'yan ramuka kamar na kumfa. Na gaske bugu ne. Ana ɗora ɗan dunƙulen azurfa tsakanin hatimi biyu a maka masa guduma, shi ya sa da wuya ka ga wanda ya yi da'ira sosai, kuma sau da yawa wasu haruffan sun zame sun fita waje. In maganaɗisu ya kama shi, magana ta ƙare.

Mataki na uku: dubi fuskar kafin ka karanta komai

Labarin zuciya a tambayi fuska. Sa kan mutum mai rai a jikin kuɗi ba al'adar Rumawa ba ce tun asali, don sun ƙi jinin sarauta. Yuliyus Kaisar ne ya fara yin haka a cikin birnin Rum a farkon shekara ta 44 kafin Miladiyya, har da rubutun da ke cewa shi mai mulki ne na har abada. Ranar 15 ga Maris na wannan shekarar aka kashe shi. Bayan shekara biyu Burutus, ɗaya daga cikin makasan, ya buga dinari mai wuƙaƙe biyu da hular da ake sa wa bawa ranar da aka 'yanta shi, a ƙasa an rubuta EID MAR, wato ranar kisan. A ɗaya gefen kuma kan Burutus ɗin ne da kansa. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Fara da abin da ke kan mutumin. Kambin ganye da aka ɗaure ta ƙeya alama ce ta nasara, shi ne aka fi gani a kan sarki mai ci. Kai babu komai sau da yawa yarima ne mai jiran gado, ko da yake sarakunan farko ma sun fito haka. Kambi mai tsinkaye kamar hasken rana, in a kuɗin azurfa ne, yana gaya maka wannan sabon kuɗin ne mai ƙimar dinari biyu, saboda haka daga 215 zuwa sama ne. In mace ce, za ka ga jinjirin wata a ƙarƙashin kafaɗunta maimakon kambin.

Sannan ka dubi fuskar kanta, ka tambayi kanka yadda mutumin yake so a gan shi. Augustas ya rasu a shekara ta 14 Miladiyya yana da shekara 75, amma a kuɗinsa bai taɓa tsufa ba: saurayi ne mai santsin fuska har ƙarshe. Niro ya fara da ɗan yaro siriri, ya ƙare da kakkauran wuya da gashi gyararre. Da Basbasiyan ya karɓi mulki a 69, bayan yaƙin basasa, sai ya fito da sanƙonsa da tamojinsa, tsohon soja wanda bai san ƙyale-ƙyale ba. Ba kuskuren maƙeri ba ne, nesanta kansa yake yi daga Niro. Hadiriyan, wanda ya hau a 117, shi ya shigo da cikakken gemu, waɗanda suka biyo shi suka ɗore a kai. Komodus a ƙarshen mulkinsa ya sa aka zana shi sanye da fatar kan zaki, yana kwaikwayon gwarzon tatsuniyarsu Hakulis. A daren ƙarshe na shekara ta 192 aka shaƙe shi.

Mataki na huɗu: warware kirarin

Rubutun da ya kewaye kan sarki kirari ne, an dai taƙaita shi don wuri ya yi kaɗan. Galibi yana farawa daga ƙasa ta hagu, ya hau ya zagayo dama. A wasu kuɗin Basbasiyan da ɗansa Titus yakan juya ta ɗaya hannun, saboda haka in ka ga bai karantu ba, gwada daga dama. Babu harafin U, V ne ke tsaya masa, babu J, I ne a madadinsa. Sau da yawa babu tazara tsakanin kalmomi. Ɗauki takarda ka kwafe haruffan ɗaya bayan ɗaya, inda ya goge ka sa ɗigo, sannan ka fara yanka su.

IMP shi ne babban kwamandan da ya ci yaƙi. CAES ko CAESAR sunan gidan Kaisar ne da ya zama laƙabi, daga baya ya koma na mai jiran gado. AVG shi ne Augustus, mai alfarma, laƙabin da majalisar dattawa ta ba sarkin farko a shekara ta 27 kafin Miladiyya. Duk namijin da ke ɗauke da shi, sarki ne. In ka ga AVGG da G biyu, sarakuna biyu ne ke mulki tare. P M shugaban masu hidimar addininsu ne. TR P iko ne na wakilin talakawa, wanda ya ba shi damar hana kowace doka wucewa. COS shi ne muƙamin konsul, mafi girma a tsohon tsarin jamhuriya. P P uban ƙasa. DIVI F kuwa ɗan wanda suka ɗaukaka zuwa matsayin abin bauta bayan mutuwarsa. Sai laƙabin yaƙi: GERM wanda ya ci Jamusawa, DAC wanda ya ci Dasiya, PARTH wanda ya ci Fartiyawa, masu daular da ke yankin Iran da Iraƙi na yau, BRIT wanda ya ci Birtaniya.

Ka lura da kalmar da babu. REX, wato sarki, wadda ke jikin sulen Joji, ba za ka same ta a kirarin mai mulkin Rum ba. Mutum ya tattara sojoji da addini da majalisa a hannunsa, amma kowane yanki na ikon an kira shi da tsohon sunan muƙamin jamhuriya, don a ce ba a sauya komai ba. A ganina wannan shi ne saƙon siyasa mafi girma a jikin dinari, kuma yana nan a kusan kowane ɗaya.

Akwai tarko a sunaye. Sunan da tarihi ya san sarki da shi ba lallai ne ya zama wanda ke jikin kuɗin ba. Ba za ka taɓa ganin Kaligula a rubuce ba, C CAESAR za ka gani. Karakalla ma sunan tsokana ne. Mahaifinsa Seberus, mutumin Lebda a Libiya ta yau, ya ƙwaci mulki ne da takobi a 193, sai ya shelanta cewa shi ɗan marigayi Markus Aureliyus ne, ya sauya wa ɗansa suna. Saboda haka kuɗin Karakalla na cewa ANTONINVS PIVS AVG, kusan irin na dattijon sarkin nan Antoninus da ya rasu a 161, sannan wani sarkin da ya zo daga baya, Elagabalus, shi ma ya ɗauki sunan. Fuska ce za ta raba maka gardama: dattijo mai cikakken gemu Antoninus ne, mai haɗe gira da gajeren gemu Karakalla ne, matashi mai kumatu kuwa Elagabalus ne.

Mataki na biyar: fito da shekara

Ba a rubuta shekara yadda muke rubutawa, amma an bar maka hanyar lissafi. Lambobin Rumawa ne: I ɗaya, V biyar, X goma, kuma sau da yawa huɗu IIII ne. Ikon TR P ana sabunta shi duk shekara, lambar da ke biye da shi kusan shekarun mulki ce. COS kuwa sai sarki ya sake karɓar muƙamin lambar ke ƙaruwa.

Ga misali daga dinarin Domishiyan, wanda ake samu da yawa. A fuska: IMP CAES DOMIT AVG GERM P M TR P XI. A baya: IMP XXI COS XVI CENS P P P. Ya hau mulki a watan Satumba na 81, saboda haka TR P na goma sha ɗaya ya kama daga Satumbar 91 zuwa Satumbar 92. Muƙamin konsul karo na 16 kuwa a farkon 92 ya karɓe shi. Haɗa biyun, an buga wannan kuɗin tsakanin Janairu da Satumba na 92. Wata tara kacal, a abin da ya haura shekara 1,900. CENS P ɗin nan kuma na nufin mai tantance 'yan majalisa na din-din-din, wato ya sa wanda ya so ya cire wanda ya so. Ba a banza dattawan majalisa suka tsane shi ba.

Mataki na shida: juya bayan

Nan ne zancen yake. Fuska ta gaya maka wane ne, baya ya gaya maka abin da yake so ka yarda da shi. Galibi za ka ga mace ko namiji a tsaye ko a zaune. Kada ka tsaya kan fuskarsu, duk kusan iri ɗaya ce. Dubi abin da ke hannunsu.

Mace mai fukafukai da kambi da reshen dabino nasara ce. Mai reshen zaitun zaman lafiya ce, PAX. Mai sikeli gaskiyar awo ce, AEQVITAS. Mai zangarniyar alkama, da kwanon awo kamar mudu a gabanta, wani lokaci da goshin jirgin ruwa a bayanta, ANNONA ce, tana cewa hatsin Masar da Arewacin Afirka zai iso, ba za a kwana da yunwa ba. Mai allon ƙirga kuɗi LIBERALITAS ce, kyautar sarki, kuma in an sa mata lamba, a ce III, rabon kuɗi karo na uku ke nan da ya yi wa mutanen birni. Mai hular 'yantaccen bawa LIBERTAS ce. Mai ciyar da maciji lafiya ce, SALVS. Mai riƙe da fure tana ɗage bakin zanenta fata ce, SPES, an fi sa ta a kuɗin yarima. Wadda ta jingina da ginshiƙi hankali kwance SECVRITAS ce. Ƙaho cike da 'ya'yan itatuwa kuwa yalwa ne, a hannun da yawansu za ka gan shi.

Gaggafa da kalmar CONSECRATIO na nufin sarkin ya mutu, magajinsa ne ya buga kuɗin don girmama shi. Za ka ga DIVVS ko DIVO a gaban sunan. In matar sarki ce, DIVA ce, ɗawisu kan tsaya mata.

Sai ƙasashe. A nan ka dubi yadda aka tsayar da mutum, ka kuma karanta kalmar da aka zaɓa. Bayan cin Masar, an buga dinari a shekara ta 28 kafin Miladiyya mai kada guda ɗaya da kalmomi biyu: AEGVPTO CAPTA, an kame Masar. Ba a ambaci Antoniyo ba, kwamandan Rum abokin hamayyar Augustas, alhali shi aka yaƙa. Yaƙin basasa ne aka mai da shi yaƙi da baƙi. Basbasiyan ya buga nasa da mace zaune a ƙasa ta yi tagumi, a bayanta makaman ganima rataye a gungume, a ƙasa IVDAEA, saboda yaƙin da ya kai ga faɗuwar birnin Ƙudus a shekara ta 70.

Tarajan ya fi kowa nuna bambancin. Ƙasar Dasiya, inda Romaniya take a yau, da jini ya ci ta a 106. A kuɗinsa mutumin Dasiya na zaune a kan tarin makamai, ko a tsaye hannuwa ɗaure, a ƙasa DAC CAP. A wannan shekarar kuma ya haɗe ƙasar Nabatiyawa, masu birnin Petra a Jodan ta yau, ba tare da wani babban yaƙi ba. A kuɗin wannan, mace ce a tsaye da mutuncinta, reshe a hannu, ɗan raƙumi a gefenta, rubutun kuma ARAB ADQ, an samu Arabiya. Waccan an kame, wannan an samu. Magajinsa Hadiriyan, wanda ya fi son zagaya ƙasa da yaƙi, sai ya kishingiɗar da lardunan a natse: AFRICA da hular kan giwa da kunama a hannu, AEGYPTOS da tsuntsunta a gabanta.

Mataki na bakwai: ɗora saƙon a kan shekarar

Yanzu kana da suna, da shekara, da saƙo. Je ka duba abin da ya faru a wannan shekarar. Wannan matakin ne ya fi kowane daɗi a wurina, kuma shi ne wanda masu tara kuɗi don ado kawai ke tsallakewa.

Wani lokaci saƙon gaskiya ne tsantsa. Dinarin Tarajan mai mace riƙe da ƙafar keken doki, an rubuta VIA TRAIANA, hanya ce da aka gina da gaske daga Benebento zuwa Birindisi a kudancin Italiya. Wani lokaci gaskiya ce da aka yi wa kwalliya. A shekara ta 53 kafin Miladiyya Fartiyawa suka ragargaza rundunar Rum a Harran suka kwashe tutocin yaƙinta. A shekara ta 20 kafin Miladiyya Augustas ya karɓo su ta hanyar sulhu, ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Amma a dinari Bafartiye ne durƙushe a gwiwa yana miƙa tuta.

Wani lokaci kuma abin da sarki ya rasa shi yake nanatawa. Dubi dinarin Narba: hannuwa biyu suna musafaha, an kewaye su da CONCORDIA EXERCITVVM, haɗin kan rundunoni. A fuska akwai COS II ko COS III, wato 96 ko 97. To me ya faru? An kashe Domishiyan a Satumbar 96. Majalisa ta yi murna, sojoji ba su yi ba, don shi ne ya ƙara musu albashi daga dinari 225 zuwa 300 a shekara. Narba dattijo ne, ba shi da ɗa, ba shi da runduna. A 97 dogaran fada suka tsare shi a gidansa, suka tilasta masa ya ba da makasan Domishiyan. Bai sami sauƙi ba sai da ya ɗauki Tarajan, kwamandan rundunar Rum da ke Jamus, a matsayin ɗa kuma magaji. Musafahar nan roƙo ce.

Irinta suna da yawa. Oto ya hau mulki ta hanyar kashe Sarki Galba a Janairun 69, ya buga PAX ORBIS TERRARVM, zaman lafiyar duniya baki ɗaya. Wata uku ya yi, aka ci shi da yaƙi ya kashe kansa. Didiyus Yuliyanus ya sayi sarauta daga hannun dogarai a 193, ya buga kuɗi da kansa riƙe da ƙwallon duniya, RECTOR ORBIS, mai juya duniya. Kwana 66 ya yi. Saboda haka duk inda ka ga FIDES, amana, ko CONCORDIA tare da MILITVM ko EXERCITVVM, tsaya ka bincika. Ruwa ba ya tsami banza. Amma kada ka yanke hukunci kafin ka duba, don wani lokaci maƙeran sarki tsohon zane kawai suke maimaitawa.

Ka kuma tambaya: hannun wa wannan kuɗin zai fara shiga? Babban abin da daula ke kashe azurfa a kansa shi ne albashin soja. Shi ya sa Seberus, da ya hau a 193, ya buga dinari da sunan kowace rundunar da ta mara masa baya, gaggafa tsakanin tutoci biyu, misali LEG XIIII. Kalaudiyas, wanda dogarai suka naɗa a 41, bai ɓoye ba: ya zana barikinsu a bayan kuɗinsa.

Ko mutane suna lura da waɗannan zane-zane? Suna lura. Marubucin tarihi Kasiyus Diyo, bayan fiye da shekara 250, ya siffanta dinarin Burutus da wuƙaƙensa da hularsa. Wani marubucin, Suwetoniyus, ya ruwaito cewa a zamanin Tibariyas, magajin Augustas, shiga bayan gida da kuɗi mai hoton Augustas laifi ne babba. A cikin Linjila ma, da aka tambayi Annabi Isa game da biyan haraji ga Kaisar, dinari ya ce a kawo, ya tambaya hoton wane ne da sunan wane ne a jiki.

Mataki na takwas: jera su

Dinari ɗaya jimla ɗaya ce. In kana son cikakken labari, nemo na sarki ɗaya na shekaru daban-daban ka jera su. Ga kowanne ka yi ɗan kati: nauyi, rubutun fuska, rubutun baya, abin da aka zana, shekarar da ka fitar, da lambarsa a babban kundin da ake taƙaita sunansa da RIC, wadda za ka gani a OCRE. Sannan ka dubi abin da ya shigo da abin da ya ɓace.

Gwada da farkon mulkin Niro. Ya hau a Oktobar 54 yana ɗan shekara 16, mahaifiyarsa Agiripina ce ta share masa hanya. A dinarin farko su biyu ne a fuska, suna kallon juna, kai da kai, babu wanda ya fi wani girma. Kwafe rubutun da ya kewaye su: AGRIPP AVG DIVI CLAVD NERONIS CAES MATER. Kirarin uwar ne a gaba, na sarkin sai ka juya baya za ka same shi. Ɗauki na shekara ta 55. Har yanzu su biyu ne, amma sun fuskanci gefe ɗaya, Niro a gaba, ita tana leƙowa ta bayansa. Kirarinsa ya dawo fuska, nata ya koma baya, inda giwaye huɗu ke jan keke. Ɗauki na shekarar da ta biyo. Niro ne shi kaɗai, babu hotonta, babu sunanta a ko'ina. Tana nan da ranta a lokacin, sai a 59 ya sa aka kashe ta.